Na'urar Gwajin Gwal: Yadda Ake Aiki da Ita da Yadda Ake Kula da Ita

Gwal zalla, wanda ake kira karat 24, yana da laushi ƙwarai, shi ya sa maƙera ke gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin su ƙera sarƙa, awarwaro ko ɗan kunne. Karat 22 na nufin kashi 91.6 cikin ɗari gwal ne, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kuwa kashi 75. Ma'anar lambobin 916, 875 da 750 da ake bugawa a jikin kaya ke nan. Tazarar ba ƙarama ba ce: sarƙa mai nauyin giram 50, in karat 21 ce, akwai gwal giram 43.75 a cikinta, in kuwa 18 ce, giram 37.5 kacal. Tambari kuma kowa na iya buga shi. A da, dutsen gwaji da ruwan asid ne ke raba gardama. Yanzu na'urar lantarki ta shigo shagunan masu gwal.

Wadda ƙananan 'yan kasuwa suka fi iya saya ita ce mai alƙalami. Tana da farantin ƙarfe inda ake ɗora kayan, da alƙalami mai ɗauke da wani ruwan sinadari a cikinsa. Idan bakin alƙalamin ya taɓa gwal, ƙaramar wutar lantarki kan ratsa ta cikin ruwan da ƙarfen, na'urar ta auna yadda ƙarfen ya amsa, sai allura ko allo ya nuna karat.

Kafin a gwada kayan kowa, sai an saita ta da guntun gwal da aka tabbatar da karat ɗinsa. Wasu kamfanoni sun ce a yi da 14, wasu da 18. Wannan guntu shi ne ma'aunin shagon baki ɗaya, don haka ya cancanci adana irin ta kayan sayarwa. Sannan a goge kayan da sifirit, domin mai, turare da zufa kan sa na'urar ta yi ƙarya. A gwada aƙalla wuri uku, a kauce wa mahaɗar da aka yi wa walda da kuma maɓallin sarƙa, tunda sau da yawa gaurayensu ya bambanta da na sauran jikin.

Raunin wannan na'ura biyu ne, kuma dole mai ita ya san su. Na farko, fatar ƙarfe kawai take karantawa. Awarwaron tagulla da aka yi wa wankan gwal mai kauri zai iya wucewa a matsayin na gaske, sai fa an ɗan karce wani ɓoyayyen wuri da magagari, da izinin mai kayan, an dasa alƙalamin a cikin ramin. Na biyu, daidaitonta na raguwa daga karat 18 zuwa sama. Wannan ya shafi kasuwar Hausawa kai tsaye, domin yawancin gwal ɗin Dubai da Saudiyya da mata ke saya don ado da ajiya 21 ne ko 22. Ba adalci ba ne a rage wa mace farashin sarƙarta bisa karatun allura ɗaya tak.

Na'urar XRF, mai harba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ta fi ta nesa ba kusa ba, don takan lissafo kowane ƙarfe da kasonsa cikin daƙiƙoƙi. Sai dai tana da tsada, ba a nuna bakinta ga jikin mutum, kuma ita ma ba ta shiga can ciki. A shekarar 2012 an gano sandunan gwal a New York waɗanda aka rarake aka cika da tungsten, ƙarfen da nauyinsa ya yi kusan daidai da na gwal idan girmansu ɗaya ne: giram 19.25 a inda gwal ke da 19.3. Irin wannan algus sai na'urar da ke leƙa ciki da sauti ko da maganaɗisun lantarki, ko kuma narkarwa a ɗakin gwaji, wadda har yau ita ce hukuncin ƙarshe.

Kula da na'urar mai alƙalami ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Alƙalamin shi ne ran na'urar, kuma bushewa ke kashe shi. A rufe murfinsa bayan kowane gwaji, musamman da hunturu, a dangwala bakinsa a kan tsabtatacciyar takarda kafin a taɓa wani kayan. Kada a bar ta cikin mota da rana ko kusa da wutar maƙera. A kare farantin daga ƙura, a canza batir da zarar ya yi sanyi, a cire shi idan za a daɗe ba a yi aiki ba. A sake saiti kowace safiya, da kuma duk lokacin da zafin ɗaki ya sauya sosai. Idan aka yi saiti amma guntun da aka sani ya ƙi ba da karatunsa, ko allura ta riƙa rawa ba ta tsaya ba, alƙalamin ya ƙare, sai a sayi sabo irin na kamfanin da ya ƙera na'urar.