Ƴan Lakwal a Zauren Mutane: Makarantar Kwana irin ta Matameye

Da watan Oktoba ya kama, an gama yankan hatsi, sai amalanken shanu su fara shigowa Matameye daga ƙauyukan ƙasar Kance. A kai za ka ga yaro da ya gama firamare, da tabarmarsa, da akwatin ƙarfe, da buhun hatsi. Buhun nan shi ne kuɗin kwanansa, domin yawancin ƴan ƙauye da ke karatu a kolej ba ɗakin kwanan gwamnati suke sauka ba, gidan mutane ne.

Ba a rubuta takarda. Uba ne zai zo da goro wurin ɗan uwa, ko abokin cinikin kasuwa, ko wanda kakanninsu suka yi zumunci, ya ce, "Alhaji, ga amana na kawo maka." Kunya ba ta barin a ce a'a, ko da rumbun mai gidan ya kusa ƙarewa. Namiji sai a ba shi zaure ko shago, mace kuwa ta shiga ɗakin uwar gida, ta koma kiranta Inna.

Daga nan aiki ya rabu, kuma rabon ba na adalci ba ne. Yaro ya yi sallar asuba, ya ɗebo ruwa a famfo, ya sha kunu, ya ɗauki kaye da bik ya wuce. Yarinya sai ta yi shara da wanke-wanke, wani lokaci har da surfe, kafin ta kama hanya. In ta makara, mushe, wato malaminsu, ba ya tambayar turmi nawa ta daka. Da an taso, tukunya na jiranta.

Samarin da ba su sami masauki ba su kan haɗa kai su kama ɗaki haya, su huɗu ko biyar. A nan ne ake ganin zaman makarantar kwana na ainihi. Kowa ya zuba abin da aka aiko masa daga gida, girki kuma bi da bi. Farkon wata shinkafa da wake, ƙarshensa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Lokacin sanyi, da raken fadamun Kance ya cika gari, shi ke toshe yunwar la'asar. Girma na aji ne, ba na shekaru ba: mai shirin jarrabawar BEPC ta gama kolej shi ke da shimfiɗar jikin bango, sabon shiga shi ke hura gawayi da wanke kwano. Ba ya gunaguni, ya san baɗi za a kawo masa nasa ƙanen. Da dare a kafa fada, butar shayi na tafasa, wanda ya fi gane lissafi yana yi wa sauran bayani a ƙarƙashin fitilar titi. Ranar kasuwa kuwa kowa kunnensa na tasha, ko an aiko da dawo daga gida.

Inda al'adar ta gaza shi ne wajen mata. Uba da yawa ba ya yarda ƴarsa budurwa ta kwana a gidan da idonsa ba ya kai, sai ya cire ta ya yi mata aure. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Shi ya sa tsohon shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, wanda shi ma ya baro gida ya yi kolej a Gure da lise Amadou Kouran Daga a Damagaram, da ya hau mulki a 2021 ya sa gina makarantun kwana na mata a gaba, aka fara da Kelle a nan jihar Damagaram. Sojoji sun kifar da shi a Yulin 2023. Gado da abinci sau uku da mai tsaron ƙofa abu ne mai kyau, amma ginin siminti ba ya isa kowane ƙauye da sauri.

Zumuncin zaure kuwa ba ya ƙarewa da jarrabawar BEPC. Wanda ya zama malami ko jandarma a Yamai, in ya zo ganin gida, sai ya fara tsayawa gaida mai masaukinsa da turmin atamfa na uwar gida. In kuma ɗan mai gidan ya sami jami'a a birni, ba a ma tambayar inda zai sauka.