Ko Kun Sani? Madara Ta Fi Ruwa Daɗewa A Jiki

Ɗan ƙwallo ko ɗan damben da ya sha madara bayan ya haɗa gumi, jikinsa zai riƙe ruwan fiye da na wanda ya sha ruwa zalla. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2016, an bai wa maza lita ɗaya-ɗaya ta abin sha iri 13, aka auna fitsarinsu na tsawon awa 4. Madara da ruwan gishiri da sukari su ne a gaba, har suka wuce lemon kwalbar da ake tallata wa 'yan wasa. Dalili kuwa shi ne madara na ɗauke da ɗan gishiri da sinadarin gina jiki, kuma a hankali take barin ciki, don haka ƙoda ba ta gaggawar zubar da ruwan. Wannan albishir ne ga matasan Achika da ke ƙasar Wudil mai babbar kasuwar shanu, tunda nono ba baƙo ba ne a can. In aka dama shi da fura, gero zai mayar da ƙarfin da aka ƙone. A dai tabbatar an tafasa madarar, ruwan damun kuma mai tsabta ne.