HIKIMAR DA KE CIKIN LANƘWASAR FOK ƊIN KEKE

Ku sani yau maganarmu a kan keke take, a kan wani ƙarfe guda daga cikinsa wanda kowa ke gani amma kaɗan ne suka san aikinsa. Shi ne fok, watau ƙarfen nan mai reshe biyu kamar gwafa wanda ya riƙe ƙafar gaba. Kowa ya dube shi zai ga rassan sun sauko sambal, sa'an nan da suka kusa ƙasa suka tanƙwara zuwa gaba. Waɗansu suna tsammanin ado ne, waɗansu kuwa suna cewa don ya sha gargada ne. Masu magana ta biyu suna da ɗan rabo cikin gaskiya, amma babban dalilin ba shi ke nan ba. Lanƙwasar nan awo ce, ita ce ke hukunta yadda keke zai bi hanya, in ta ƙaru ko ta ragu da fāɗin yatsa guda, halin keken ya sake.

Fasali na farko: masu ƙera keke da hannu

A Ingila da Faransa da Italiya da Japan da Amurka akwai maƙera waɗanda sana'arsu ita ce ƙera wa mutum keke daidai jikinsa, kamar yadda maɗinki ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Su kan auna tsawon ƙafarsa da na hannunsa, su tambaye shi irin hanyar da zai bi da irin kayan da zai ɗauka. Bututun ƙarfen da suke aiki da shi kuwa saye suke yi daga kamfanonin da suka shahara da shi, kamar Reynolds na birnin Birmingham a Ingila, da Columbus na birnin Milan a Italiya. A shekarar 1935 ne Reynolds ya fito da bututun da ake kira 531, ƙarfe ne da aka gauraya da ma'adinan manganis da molibdenam, ga ƙarfi ga rashin nauyi, ya yi shekaru da yawa shi ne abin alfaharin masu tseren keke.

Maƙerin da ke son awon kansa ya kan sayi rassan fok miƙaƙƙu. Kowane reshe yana da kauri a sama, ya sauko yana sirancewa har ya zama kamar ɗan yatsa a ƙasa, kaurin bangon bututun kuwa wajen milimita 1 ne kurum. Tanƙwara shi aikin maƙerin ne, nan ne kuwa ake gane gwani.

Fasali na biyu: awon da ake nema

Ku ɗauka an zare igiya ta cikin wuyan keke, inda kan ke juyawa, an ja ta a miƙe har ta taɓa ƙasa. Wannan shi ne layin wuya. Ba a tsaye yake cak ba, ya ɗan kwanta: bango a tsaye digiri 90 ne, wuyan keken tsere kuwa wajen digiri 73. Daga wannan layi ake fitar da awo biyu. Na farko shi ne nisan da cibiyar ƙafar gaba ta yi a gaban layin, shi muke kira awon lanƙwasa. Na biyu a ƙasa ake auna shi: inda layin ya taɓa ƙasa yana gaba, inda taya ta taka yana baya, tsakaninsu shi muke kira rata.

Ratar nan ita ce ke taimakon keke ya miƙe. Misalinta kamar raƙumi ne da akala: muddin mai ja yana gaba, raƙumi ba ya da zaɓi sai ya bi sawu. Haka tayar gaba take bin layin wuya, in dutse ya karkatar da ita, sai ta nemi komowa da kanta. Abin da ke rikita mutane shi ne, in an ƙara lanƙwasa rata raguwa take yi, domin an tura taya gaba ta kusanci layin.

Ga lissafin ga masu son hisabi. A ɗauki ƙafar da ke da milimita 340 daga cibiya zuwa ƙasa, wuya digiri 73. In lanƙwasa milimita 45 ce, watau inci ɗaya da rubu'i uku, rata za ta zama milimita 57. In an ƙara lanƙwasar ta kai 65, rata ta faɗo zuwa 36. In kuwa wuyan ya ƙara kwanciya ya zama digiri 68, lanƙwasar tana nan 45, rata ta haura zuwa 89, ba za ta komo 57 ba sai an tanƙwara reshen ya kai wajen 75. Shi ya sa irin keken Raleigh na da, wanda ya cika kasuwanninmu, fok ɗinsa ya fi na keken tsere lanƙwasa nesa ba kusa ba, gama wuyansa ya fi kwanciya.

Rata mai yawa tana sa keke ya natsu cikin gudu, amma a tafiyar sannu, musamman da kaya a gaba, kan ya kan yi nauyi yana neman faɗawa gefe. Rata kaɗan tana sa kan ya yi sauƙin juyi, kaya kuma ba su rinjayarsa. Babu wadda ta fi wata sai gwargwadon bukatar mai hawa.

Fasali na uku: yadda ake tanƙwarawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, maƙeranmu kuma sun saba ƙarfe sai ya yi ja ake sarrafa shi. To, reshen fok ya saɓa wa wannan, galibi a sanyinsa ake tanƙwara shi. Dalili kuwa, wani sashe na ƙarfin bututun ya samu ne daga jan da aka yi masa a sanyi a masana'anta, wuta mai yawa tana rage wannan ƙarfi.

Maƙerin ya kan sassaƙa katako mai tauri, ko ya sami ƙarfe, mai siffar baka, da kwari a bayansa daidai yadda bututun zai kwanta a ciki. Sai ya danne siririn bakin reshen a gindin bakan, ya kama dogon mariƙi mai ɗan gargare, ya riƙa danna reshen sannu a hankali har ya bi bayan bakan. Kwarin nan shi ke tallafe bututun don kada ya ɓare ko ya yi ƙoƙi, gama bututun da ya yi ƙoƙi ya mutu, sai jefarwa. Ƙarfe kuma yana da halin komawa baya kaɗan in an sake shi, saboda haka tilas a ɗan wuce awon da ake so. Gwani ya fi son ya gaza ya ƙara, da ya zarce ya dawo, domin lanƙwasa da miƙewa a wuri guda ita ce ke karya waya a hannun yaro, haka kuwa take gajiyar da bututu.

Sharaɗi mafi girma shi ne rassan biyu su zama tagwaye. Bayan an tanƙwara su sai a kwantar da su gefe da gefe a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a duba ko haske na ratsawa tsakaninsu. Sa'an nan a yanke tsawonsu, a haɗa su da kafaɗar fok da bakunan da ke riƙe cibiya, a like da narkakken farin ƙarfe ko na azurfa, a bar milimita 100 tsakanin bakunan biyu. Waɗansu maƙera su kan haɗa fok ɗin tukuna, kana su tanƙwara rassan biyu a lokaci guda. In reshe ɗaya ya fi ɗan'uwansa, ƙafar za ta zauna a karkace, keken kuma ya riƙa ja zuwa gefe ɗaya muddin ransa.

Fasali na huɗu: saɓanin gwanaye

Maƙeran Faransa, irin su René Herse da Alex Singer na wajen birnin Faris, sun shahara da lanƙwasa mai zurfi can kusa da bakin reshe, inda bututun ya fi siranta. Kekunansu na matafiya ne masu ɗora jaka a gaba, saboda haka suka zaɓi rata kaɗan, siririn reshen kuma yana ɗan lanƙwashewa ya sha gargada. A da, masu rarraba jaridu a Faris ma a gaba suke ɗaure kayansu masu nauyi. A Landan kuwa, cikin shekarun 1930, kamfanin Bates ya fito da fok mai lanƙwasa biyu wanda ya sa wa suna Diadrant, ana gane kekensa tun daga nesa.

A ƙarshen shekarun 1980 Ernesto Colnago na Italiya ya fito da fok mai miƙaƙƙun rassa wanda ya kira Precisa. Bai zubar da awon ba, sai ya karkata rassan tun daga kafaɗa, cibiyar ta isa inda da lanƙwasa za ta kai ta. Wannan ya nuna a fili cewa abin da ke juya keke shi ne wurin da cibiya ta tsaya, ko ta wace hanya aka kai ta.

Masana ma sun shiga maganar. A 1970 wani Bature ɗan Ingila, David Jones, ya buga labarin yadda ya yi ta ƙoƙarin ƙera keken da ba ya hawuwa. Da ya juya fok baya, rata ta ƙaru, sai keken ya yi ta tafiya shi kaɗai in an tura shi. Da ya tura ƙafar gaba har ta wuce layin wuya, sai keken ya riƙa faɗuwa da an sake shi. A 2011 kuma masana daga jami'ar Delft ta Holan da jami'ar Cornell ta Amurka suka ƙera wani ɗan keke marar irin wannan rata, ya tsaya da kansa cikin gudu, suka nuna cewa yadda nauyi ya rabu a jikin keke shi ma yana da nasa aiki. Ashe ilmin bai tsaya ga awo guda ba, amma ga keken da muke hawa, rata tana cikin manyan sharuɗɗa.

Tanbihi ga mai saye da mai gyara

Duk abin da muka faɗa a kan ƙarfe ne irin na 531 da makamantansa. Akwai ƙarfen da aka ƙara wa tauri da wuta, kamar Reynolds 753 na tsakiyar shekarun 1970, wanda ba ya yarda a gyara shi da dannawa, har a wancan zamani kamfanin ba ya sayar da shi sai ga maƙerin da ya ci jarrabawarsa. Fok na alminiyam da na zaren kabon, waɗanda suka yi yawa a kekunan zamani har da na hannu da ake shigowa da su, ba a tanƙwara su, ba a kuma miƙe su. Alminiyam tsagewa yake yi, kabon kuwa ya kan karye farat ɗaya ba da gargaɗi ba.

Lanƙwasar maƙeri dabam take da ta karo. Ta maƙeri tana ƙasa, a kan baka mai santsi. Ta karo tana sama, dab da kafaɗa, inda nauyi ya fi taruwa. Saboda haka wanda zai sayi tsohon keke, ya tsaya a gefensa ya duba: saman reshen mai lanƙwasa ya kamata ya bi layin wuya sosai. Ya shafa ƙarƙashin kafaɗar da bututun da ke bayan wuya, in ya ji kumburi ko ya ga fenti ya tsattsage, keken ya taɓa karo. Ya duba ko taya tana tsakiyar rassan, kana ya tura keken yana riƙe da sirdi kurum, ya ga ko yana ja gefe.

Fok ɗin ƙarfe da ya ɗan goce, mai gyara gwani yana iya komar da shi sau ɗaya a sanyi. Wanda ya yi ƙoƙi, ko ya tsage, ko aka gasa shi da wuta aka buge da guduma, maganinsa sabo. In sarƙa ta tsinke mutum ya kan sauka ya tura kekensa, in fok ya karye kuwa fuska ce ke fara isa ƙasa, ga buhun hatsi ko ɗan makaranta a baya. Araha ba ta ado, kuɗin fok kuwa bai kai na ɗori ba.