Yadda Mota Ke Cajin Batirinta

Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da mota ke bi wajen mayar wa batir wutar da ya bayar, kasancewar duk mai son ƙirƙiro kalmomin fannu tilas ne ya fara sanin aikin abin da zai raɗa wa suna.

Akasarin masu mota sun ɗauka batir ne ke ciyar da mota wuta a duk tsawon tafiya. Ba haka abin yake ba. Babban aikinsa shi ne tayar da inji. Da zarar inji ya kama, sai altaneto ya karɓi ragamar. Fambel ne ke juya shi, a cikinsa kuma akwai maganaɗisun lantarki da ke wulwulawa a tsakiyar naɗin wayoyin tagulla kashi 3. Wannan juyi shi ke haifar da wuta, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831.

Sai dai wutar da ke fitowa mai kai-da-komo ce, alhali batir ba ya karɓar sai mai miƙewa ɓari guda. Don haka aka sanya diyod, galibi guda 6, waɗanda ke barin wuta ta wuce gaba, su hana ta komowa. Batir mai ɗakuna 6 yakan nuna bolt 12.6 idan ya cika, saboda haka dole wutar caji ta ɗara wannan, wato misalin bolt 13.5 zuwa 14.5. Idan ta gaza, batir ya zube. Idan ta zarce, ruwansa ya ƙone. Na'urar da ke tsare wannan iyaka ita wasu makanikai ke kira katawut.

A nan manazarcin harshe ya kamata ya dakata. Asalin katawut makunni ne na zamanin dinamo, mai yanke hanya don kada wuta ta koma daga batir idan inji ya yi sanyi. Tun daga 1960, lokacin da kamfanin Chrysler ya sanya altaneto a motarsa Valiant, diyod ya fara ɗauke wannan aiki. Na'urar ta kau, sunan ya zauna, ya koma kan mai daidaita ƙarfin wuta. Mai fassarar da ya bi asalin kalmar ya ce "mayanki" zai ɓatar da ɗalibi, domin abin da ke cikin motar yau daidaitawa yake yi.