KAYAN KYAUTA NA ASIBITI: WA KE BIYAN KUƊINSU?



Kullum kuna tambayarmu, "Malama, wannan allura da ba a karɓar ko kwabo, wa ke biya?" Waɗansu har tsoro suke ji, wai banza ba ta kai zomo kasuwa. To, ku saurara.

Kowace kwalbar magani sai da aka saye ta. Gwamnati na zuba nata kuɗi. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji masu tara gudummawa daga ƙasashe da masu hannu da shuni, don ɗan talaka ya sami abin da ɗan mai kuɗi ke samu. Wannan kuɗi ba bashi ba ne a kanku.

INA KUƊIN KE TAFIYA?

1. Allurar rigakafi. Ƙungiyar Gavi, wadda aka kafa a 2000, ita ke taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi su sayi allurar yara. Asusun UNICEF ke taimakawa wajen sayowa.

2. Ɗigon shan-inna. Ƙungiyar Rotary ta shiga wannan yaƙi tun 1985. Rabon da a ga ainihin ƙwayar shan-inna a Nijeriya tun 2016, a Jihar Borno. A 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga Afirka. Amma akwai sauran wani irinta mai kama yaran da ba a ɗiga wa ba, shi ya sa masu ɗigo ke ta zuwa gidajenku.

3. Gidan sauro da maganin zazzaɓi. Asusun Global Fund, na 2002, yana cikin manyan masu biya. Da damina ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin hana zazzaɓin cizon sauro, kwana 3 a jere kowane wata.

4. Abincin tamowa. Gyaɗa ce da madara da sukari da mai da abubuwan gina jiki, a ƙulle cikin leda, don yaron da ya rame ƙwarai.

ME AKE SO KU YI?

Kada ku biya. Allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitin gwamnati. In wani ya ce ki kawo kuɗi, ki gaya wa shugaban asibiti ko mai unguwa.

Ku cika allura. Ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Allura ɗaya ba ta isa. Yaron da aka fara wa aka bari, ƙyanda na iya kama shi, kuɗin da aka kashe kuma ya tafi a banza.

Ku adana katin awo. Masu ba da gudummawa da lissafi suke aiki. Yawan yaran da muka rubuta shi ke nuna yawan maganin da za a aiko mana.

Kada ku sayar. Abincin tamowa magani ne na mai ciwo shi kaɗai. Ba na yayyensa ba ne, ba na kasuwa ba ne. In an raba, yaron ba zai murmure ba.

Gidan sauro na kwana ne. Kada a kai shi lambu ko a rufe kaji da shi. Mai ciki da ƙananan yara su fara shiga, kowane dare.

KU TUNA FA

Taimakon waje ba ya dawwama. A 2025 gwamnatin Amurka ta rage agajin da take ba ƙasashe ƙwarai da gaske. Abin da ke hannu yau, kada a yi wasa da shi. Uwargida, ki gaya wa maigida, ki gaya wa abokiyar zamanki da maƙwabciyarki, ku kawo yara a kan lokaci.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha