YAƘIN BASASAR KANO: HAKIMAI DA MATANSU

Da yawa daga cikinmu Hausawan Rai Buba da Garwa da Ngaundare, in aka bi salsalarmu, za a tarar kakanninmu fatake ne da suka taso daga ƙasar Kano da tufafi, suka zo Adamawa neman hauren giwa, zama ya yi daɗi suka kafa unguwanni. Saboda haka labarin Kano namu ne. A wannan wata mun ga ya dace mu ɗan taɓa yaƙin basasar da aka yi can daga 1893 zuwa 1895. Ba lissafin dawaki da bindigogi za mu yi ba. Wasu 'yan abubuwa ne game da hakimai da matansu waɗanda ba kasafai ake faɗa wa yara a aji ba.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya sa aka naɗa Tukur ɗan Bello saboda jaruntakar da ya nuna a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari ne ya yi naɗin. 'Ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi mubaya'a, suka fita birni a bayan ɗan'uwansu Yusufu, suka yada zango a Takai. Daga nan ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa.

Jikokin mace ɗaya

Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Tukur da Yusufu kakarsu ɗaya. Tarihin Kano ya nuna cewa Shekara, ta gidan Sarki Ibrahim Dabo, ita ta haifi sarakuna uku a jere: Usman, da Abdullahi, da Bello. Ke nan uban Yusufu da uban Tukur nono ɗaya suka sha, ba a ma maganar 'yan ubanci. Har yau akwai makarantar 'yan mata a birnin Kano da ake kira Shekara. Bugu da ƙari, dukkan mutanen biyu sun riƙe sarautar Galadima. Yusufu ya riƙe ta a zamanin ubansa har uban ya tuɓe shi, Tukur kuma yana kanta sarautar Kano ta same shi. Tsohon Galadima da sabon Galadima ne suka ja daga.

Ko mata ko rawani

Wutar ba a 1893 ta fara ci ba. Abdullahi, wanda ya hau gado a 1855, Allah ya ba shi 'ya'ya masu yawa, kuma bisa al'adar sarakuna ya aurar da 'ya'yansa mata ga hakimai da manyan dagatai. A wancan zamani irin wannan aure igiya ce ta mulki. Hakimin da ke auren 'yar sarki ya zama suruki, ba zai yi wa gidan matarsa tawaye da sauƙi ba, 'ya'yansa kuwa jikokin sarki ne.

Da Bello ya gaji wansa, sai ya shiga share wa ɗansa Tukur hanya. Ya tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautu. Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa har umarni ya bayar ga masu sarautar da ke auren 'ya'yan Abdullahi, kowa ya zaɓi ɗaya: ko ya saki matarsa, ko ya ajiye rawani. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Mace tana zaune lafiya a ɗakinta, ta haihu, ba ta yi wa miji laifin komai ba, rana ɗaya a ce ta kwashe kayanta don ubanta da ke kabari yana da 'ya'ya maza masu neman gado. Wanda ya saki ya sayi gabar surukansa da ta 'ya'yan cikinsa. Wanda ya ƙi saki ya rasa ƙasarsa, kuma ba shi da wurin zuwa sai wajen 'yan'uwan matarsa. Ta kowace fuska Bello ya ƙara wa Yusufu mutane ne. Shi ya sa ranar da Yusufu ya fita, ba shi kaɗai ya fita ba.

Ɗan Saudatu

Abin da aure ya ɓata, aure ne kuma ya taimaka wajen gyara shi. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, domin ya rasu a Garko a 1894. Kafin ya cika, ya yi wasiyya a bi ƙanensa Aliyu, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi a gidan. Dalili kuwa mahaifiyarsa ce, Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, wanda Aliyun ya ci sunansa. Yusufawa sun san sun saɓa wa Sakkwato, kuma sun san wata rana sai an zauna. Suka ga in jinin Shehu Usmanu ne a gabansu, zai yi wa Sakkwato wuya ta yar da shi, tun da hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Lissafin ya yi daidai. Aliyu ya shiga Kano a cikin 1894, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a watan Maris na 1895, ya rasa ransa. Daga baya Sakkwato ta haƙura.

Kada kuma mu manta da bayin sarki. Mu da muke ganin fadar Rai, mun san cewa ƙarfin sarki yana hannun mutanen cikin gida. Haka yake a Kano: Shamaki, da Ɗan Rimi, da Sallama bayi ne, amma su ke riƙe da ƙofa da makamai. Shamaki Harisu na daga cikin waɗanda suka tsaya har wasiyyar Yusufu ta tabbata.

Aliyu, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Waziri, Abbas kuma Wambai. Da Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Abbas ya zama sarki, Alu kuma aka kama shi aka kawo shi nan maƙwabtanmu Yola, a bakin Binuwai, kafin a wuce da shi Lakwaja inda ya rasu a 1926. Tun daga basasa zuwa yau, duk wanda ya sarauci Kano daga zuriyar Abdullahi ya fito, wato gidan nan da Bello ya so ya rufe.

To, jama'a, sunan Shekara da na Saudatu sun tsira saboda sun haifi sarakuna. Matan da aka saka, da waɗanda aka kama aka kai kasuwa bayan an kashe mazansu, sun tafi babu mai kiran sunansu. Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, har yanzu a garuruwanmu, in rigimar gadon sarauta ko ta zaɓe ta tashi, sai ka ji uba ya ce 'yarsa ta dawo gida, ko dangi sun matsa wa ɗansu ya saki matarsa don gidansu na wancan ɓangare ne. Masu rigimar kan shirya bayan shekara biyu, a ga suna cin tuwo a akushi ɗaya, yaran da aka raba da uwarsu kuwa su ne muke gani a aji ba sa iya ɗaga kai. Muna roƙon iyaye da limamai da masu unguwanni, in an zo musu da irin wannan saki, su tambayi laifin matar tukuna. Malaman makaranta kuma, in sun zo koyar da basasa, su haɗa da labarin matan.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.