Abin da Ke Riƙe Kaya Tsakanin Sama da Ƙasa

 Yau wajen gini muka nufa, za mu duba yadda ake ɗaga kayan nan masu faɗi da nauyi: fallen gilashi, fallen ƙarfe, allon marmara, da bangon kankare sukutum.

Duk wanda ya ratsa tsakiyar Abuja ko Legas ya ga dogayen benaye sanye da gilashi tun daga ƙasa har sama. Idon mai wucewa a kan injin ɗaga kaya yake tsayawa, don shi ne dogo, shi ne mai ƙara. To amma injin nan ƙugiya kawai gare shi a bakin waya. Shi kuwa gilashi ba shi da mariƙi, ba shi da hudar da za a zura igiya, ga santsi, ga saurin fashewa. Me ke riƙe da shi yana lilo a hawa na goma? Akwai wani ɗan abu da ake sawa tsakanin ƙugiya da kaya. Ƙarami ne idan aka kwatanta da injin, amma rayukan duk mutanen da ke ƙasa a kansa suke rataye.

Bari mu fara da nauyin, a gurguje. Gilashi mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, kaurin milimita 12, kilo 180 ne. In ruɓi biyu ne, irin wanda ake sawa don tare zafi, ya zama kilo 360. Fallen ƙarfe mai mita 6 da mita 2, kaurin milimita 20, ya kusa tan 2. Bangon kankare mai tsayin mita 8, faɗin mita 6, kaurin santimita 20, ya kai tan 23. Dogon benen nan na Dubai, Burj Khalifa, da aka buɗe a 2010, fallaye fiye da 24,000 aka jera a jikinsa, kuma kowane ɗaya sai da aka ɗaga shi.

Na'urar da aka fi ɗaukar gilashi da ita a yau, wasu fayafayan roba ne da aka jera a jikin firam na ƙarfe, da ɗan famfo mai zuƙe iska. A manna fayafayan a jikin gilashi, a kunna famfo, sai su kama gam. Asalin wannan dabara kuwa, masu sauraro, labari ne da nake so ku ba ni aron kunnuwanku sosai a kansa.

A ƙasar Jamus akwai wani birni, Magdeburg. A 1631, lokacin wani dogon yaƙi da aka shekara talatin ana gwabzawa, aka ƙone birnin, aka hallaka yawancin mutanensa. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani mutum mai suna Otto von Guericke, wanda ya dawo ya yi aikin sake gina garin, har ya zama magajin gari a 1646. Ga aikin mulki a gabansa, amma wata tambaya ta hana shi sakat: shin ana iya samun wurin da babu komai a cikinsa, ko da iska?

Da fari ganga ya samo ta katako, ya cika ta da ruwa, ya toshe, ya sa ƙarti suka yi ta janye ruwan da famfo, da tunanin in ruwa ya fita babu abin da zai saura a ciki. Sai suka fara jin wani sauti kamar na tafasa. Ashe iska ce ke kutsawa ta ƙananan kafofin katakon. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Sai ya koma ga jan ƙarfe, ya sa aka ƙera masa wata ƙatuwar ƙwallo, aka shiga zuƙe iskar cikinta. Ana cikin ja, sai ƙwallon ta lotse da wata irin ƙara da ta firgita duk wanda ke wurin. Babu wanda ya taɓa ta. Babu wanda ya doke ta. Iskar waje ce ta murƙushe ta.

Daga nan ya gane cewa iskar da muke yawo a cikinta tana da nauyi, tana danna komai ta kowane ɓangare. Don ya nuna wa jama'a, sai ya sa aka yi masa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe, faɗin bakin kowanne kamar rabin mita. Ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya sa zoben fata da aka jiƙa da kakin zuma a tsakaninsu, ya zuƙe iskar ciki. Babu ƙusa, babu walda, babu ɗauri. Sannan aka kawo dawakai goma sha shida, takwas ta nan, takwas ta can, aka ɗaura su a ƙoƙunan, aka kora su. Dawakai suka ja, suka ja, ƙoƙuna suka ƙi rabuwa. Da ya murɗe ɗan makunnin da ke jiki iska ta shiga, sai ga su sun rabu ba tare da wahala ba. Wannan ya faru a shekarun 1650, kuma ya rubuta labarin gwaje-gwajensa a littafin da ya fitar a 1672.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanzami in zai yi ƙaho, yana kafa shi a jiki, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ɗan ramin, ƙahon ya maƙale. Abin da ke riƙe ƙahon wanzami shi ne ya gagari dawakan Magdeburg, shi ne kuma yake riƙe da gilashi a hawa na goma.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Iska tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya. Faifan roba mai faɗin santimita 30 yana rufe wuri kamar murabba'in santimita 700, wato kilo 700 ke nan da za a iya zuƙe iskar kaf. Amma famfon wajen gini ba ya zuƙe ta kaf, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari yake cirewa. Sannan masu ƙera na'urar suna raba abin da ya rage gida biyu, su bar rabi don tsaro. In kuma gilashin a tsaye yake, to yana neman zamewa ƙasa ne, abin da ke hana shi sai kamun robar a jikinsa, nan ma ƙarfin ya sake raguwa. A ƙarshe faifan da lissafi ya ba shi kilo 700, a aikace kilo 100 ko ƙasa da haka ake yarda ya ɗauka. Shi ya sa za ku ga fayafayai huɗu, takwas, har fiye da haka a firam guda. A hedikwatar kamfanin Apple da ke Kalifoniya, wadda aka buɗe a 2017, akwai lanƙwasassun gilasai da aka yi a Jamus masu tsawon kusan mita 14, faɗin mita 3. Ku ƙiyasta yawan robar da za ta kama irin wannan.

To tunda iska ce ke riƙewa, duk abin da zai bar iska ta shiga maƙiyi ne. Kun tuna gangar katakon nan? Haka dutse mai kafofi ko allo mai kaushi yake yi wa wannan na'ura, iska ta riƙa satar hanya a hankali har kamun ya saki. Ƙura ma haka. Lokacin hunturu, da hazo ke sauka a kan komai, gilashin da aka goge da safe kafin azahar ya yi fari, kuma ƙura tsakanin roba da gilashi santsi take ƙarawa. Zafin rana yana busar da roba ta tsattsage. Ga wani abu kuma da ya ba ni sha'awa: tudu yana rage wa na'urar ƙarfi. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, dannawar iska a can ta gaza ta Legas da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Na'ura ɗaya, roba ɗaya, amma abin da za ta riƙe a Jos bai kai na bakin teku ba.

Saboda haka ne ƙa'idar ƙasashen Turai mai lamba EN 13155 ta ce na'urar zuƙe iska da za a yi aiki da ita a wajen gini, ko dai ta kasance da layukan zuƙa biyu masu zaman kansu, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe kayan, ko kuma a ƙara wani abin riƙo na daban, kamar ɗamarar da za ta tallafe kayan. Dole a sa agogon awon ƙarfin zuƙa da mai aiki zai riƙa gani, da ƙararrawar da za ta yi kuka in kamu ya fara raguwa, kuma sakin kaya sai da motsi biyu, don kada hannu ya taɓa maɓalli bisa kuskure kaya ya faɗo. Wannan doka ta yi daidai ƙwarai, kuma ina fata duk ɗan kwangilar da ke shigo da irin wannan na'ura zai nemi mai layi biyu, ko da ta fi tsada.

Fallen ƙarfe kuma da awartaki na musamman ake kama shi. Yana da haƙora, kuma an ƙera shi ta yadda nauyin kayan ne da kansa yake ƙara matse bakinsa: iya nauyi, iya cizo. Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, su ɗauka babban awartaki ya fi aminci ga kowane kaya. Ina! In fallen ya yi masa sauƙi da yawa, haƙoran ba za su nutse ba, sai ya suɓuce. Shi ya sa yake da mafi ƙarancin nauyin da zai ɗauka, kamar yadda yake da mafi yawa. Falle ɗaya ake kamawa a lokaci guda. In aka haɗa biyu, tsakaninsu babu haƙorin da ke riƙewa. Akwai kuma maganaɗisu, shi ma tsatsa, fenti, ko rashin kaurin falle suna rage masa ƙarfi.

Bangon kankare kuwa, tun kafin a zuba shi ake binne ƙarafan ɗagawa a cikinsa, a wuraren da injiniya ya auna. Dabarar ta daɗe. Maginan Rumawa suna sassaƙa rami a saman dutse, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, su zura ƙarafa uku su cika shi, in an ja sama sai su ƙara cijewa. Har yau ana ganin irin waɗannan ramuka a duwatsun Ba'albak da ke Labanan. Zuba bango a kwance a tayar da shi tsaye kuwa, wani Ba'amurke, Robert Aiken, ya gwada shi a jihar Ilinoi a farkon shekarun 1900, salon kuma ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka samu injinan ɗaga kaya masu tafiya. Babban haɗarinsa gaggawa: in aka ɗaga kafin kankaren ya yi ƙwari, ƙarfen zai tsinko da guntun kankare a bakinsa, bangon ya dawo ƙasa.

Lokaci yana neman ƙure mana, amma akwai abubuwa biyu da ba zan tsallake ba.

Na farko, buɗewar sarƙa. In sarƙoƙi biyu suka sauko a miƙe, kowacce rabin nauyi take ɗauka. Suna buɗewa, nauyin kowacce yana ƙaruwa. In buɗewar ta kai digiri 120, kowace sarƙa tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne doguwar sandar ƙarfe mai raba nauyi, wadda ke sa sarƙoƙi su sauko a miƙe.

Na biyu, iska. Kaya mai faɗi yana tare iska, kuma in gudunta ya ninka biyu, turinta ninki huɗu yake yi. Ranar 14 ga Yulin 1999, a birnin Milwoki na Amurka, wani ƙaton inji da ake kira Big Blue yana ɗaga wani sashe na rufin filin wasa mai nauyin fiye da tan 400, ana iska mai ƙarfi. Injin ya karye ya faɗo, ma'aikata uku suka rasu. Kayan aikin na zamani ne, ƙwararru ne a wurin, amma aka ci gaba da ɗagawa a ranar da ya kamata a dakata.

Don haka, maigida ɗan kwangila, haya ko sayen abin riƙon da ya dace bai kai kuɗin gilashi ɗaya da ya fashe ba, balle ran ɗan mutane. Malam mai kula da aiki, a goge roba, a duba haƙoran awartaki, a cika batirin famfo tun da safe, ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaga kaya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a tsaya a duba agogo, sannan a ci gaba. Kai kuma ɗan'uwa lebura, da igiya ake juya kaya daga nesa, kada ka sa hannu, kuma ko wa ya aike ka, kada ka bi ta ƙarƙashin kayan da ke sama. In ka ga roba ta tsage ko iska ta taso, ka faɗa da ƙarfi, haƙƙinka ne.

Nan za mu dasa aya. Allah ya kare ma'aikatanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.